Gyaran da Na Roƙa a Kasuwar Maigatari

Gumel, ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga mai sunan mahaifiyarsa. Allah Ya tashe ki lafiya gobe, Ya kai ki Kano lafiya, Ya sa karatun jinyar nan da za ki fara ya zama alheri gare ki da duk wanda hannunki zai taɓa. Na ba Innarki wannan takarda ta miƙa miki. Ki karanta ta yau, kada ki cusa ta cikin akwati ki ce sai kin isa.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke, ga waya a hannunki ga waya a hannuna, amma Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure yana kokawa da biro kamar ɗan firamare. Yi dariyarki, Uwata. Akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba, kuma idan kin gama karantawa za ki gane abin da ya sa ban ɗauke ta a waya na tura miki ba.

Kin tuna bara da kaka, ranar da Baba Isufu direba ya yi sallama a ƙofar gida da ledar dabino a hannu, na aike ki na ce ki ce masa ba na nan? Kika tsaya kina kallona, alhali ga ni zaune ina shan fura. Na daka miki tsawa, kika je kika faɗa. Ban taɓa gaya miki dalili ba, ke kuma da kunyarki ba ki tambaya ba. To ga dalilin. Mutumin nan da muka shekara talatin tare, ni ina sayen riɗi da zoɓo shi yana ɗauka a babbar motarsa, saura ƙiris in kai sunansa gaban 'yan sintiri a matsayin mai kai wa miyagu rahoto. Kin san abin da wannan kalma take yi wa mutum a zamanin nan, balle baƙon da ya tsallako iyaka daga ƙauyen Dungas. Kuma bawan Allah bai yi komai ba. Wayata ce ta yi, ni kuma da hannuna na ba ta dama.

Abin ya faro ne daga halina da kika sani. Ni ɗan kasuwa ne, ko gishiri na saya sai na ce a yi mini gyara. Innarki har tsiya take yi mini, wai ko allura likita zai yi mini sai na ce ya ƙara kaɗan. Da bazarar bara na sayi babbar waya, wata Alhamis a Maigatari na kai ta layin masu tura kaya a waya. Abu biyu kacal nake so: karatun Alƙur'ani da zan riƙa saurare a hanya, da abin da zai riƙa tuna mini lokacin salla. Mai shagon ya karɓa ya ce, "Alhaji, su kaɗai, ko a haɗa maka da sauran?"

Na ce, "Waɗanne sauran?"

Ya ce, "A ƙunshe suke wuri ɗaya. Dannawa ɗaya duk su shiga, kuma ba za ka ƙara ko sisi ba. Akwai tocila, akwai mai sanyaya waya, akwai mai share datti, akwai mai lissafin canjin naira da sefa."

Uwata, jin "ba za ka ƙara ko sisi ba" sai kunnena ya miƙe. Na ce, "Zuba! In da wasu ma ƙara, gyara ai ba ya yawa." Isufu yana tsaye a gefena yana cin gyaɗa. Ya ce da irin Hausarsu, "Alaji, kado haka da yawa? Abin da ba ka tambaya ba, don mi aka ba ka?" Kado shi ne kyauta a bakinsu. Na ce masa ku mutanen Damagaram ba ku san araha ba, shi ya sa kuke tsallakowa wajenmu. Muka yi dariya, na bar wayar a buɗe a hannun mai shago, na tafi kasuwar dabbobi duba awaki, sai bayan azahar na dawo na karɓa.

Ki ji ni da kyau a nan. Gyaran da mai awo yake yi maka a kan tiya, kana ganinsa da idonka, gero ne irin wanda ka saya. Gyaran waya ba ka ganin cikinsa. A Kano za ki tarar da masu shaguna a bakin makaranta, za su ce kawo kwamfutar nan da yayanki ya saya miki su cika ta da manhajojin da ake saya da tsada, su a wajensu kyauta. Ƙawaye ma za su ce bari su tura miki tasu. Kada ki yarda. Abin da kike bukata ki sauke shi da kanki, ɗaya bayan ɗaya, daga rumbun manhajojin da ya zo da wayar ko daga wajen masu abin na ainihi. Idan kina saka abu ɗaya kika ga ya jawo 'yan rakiya, an riga an yi musu alamar amincewa tun kafin ki ce uffan, ki cire alamar. Kuma kada ki miƙa wa kowa wayarki a buɗe ki juya baya, ko da minti biyar ne.

Da na dawo gida sai wayar ta shiga yi mini tambayoyi da Turanci. Kowace manhaja na buɗe sai wani ɗan akwati ya fito, da amsa biyu a ƙasa. Ni Turancina na firamare ne, ya tsufa tare da ni. Kina tsakar gida a lokacin kina tankaɗe, taku goma tsakanina da ke. Amma girman kai ya hana ni kiranki. Na ce a raina, yaya za a yi mutumin da yake ciniki da manyan 'yan kasuwar Kano ya kira 'yarsa ta karanta masa waya? Sai na lura idan na danna amsar da ke hannun dama akwatin yana ɓacewa, na dinga danna ta har suka ƙare. Daga baya aka fassara mini abin da na amince da shi. Ashe tocila ce take neman izinin jin maganata, da ganin hotunana, da sanin inda nake, da karanta saƙonnina, da sunayen duk mutanen da ke cikin wayar. Tocila fa, Uwata! Kamar ɗan garuwa ya kawo ruwa ya ce sai an ba shi makullin ɗakin Innarki, ni kuma na ce ga shi, har da na akwati.

Don haka duk abin da waya ta tambaye ki, ki tsaya ki karanta, ki tambayi kanki ko aikin wannan abu yana bukatar abin da yake nema. In bai bukata ba, ki hana. In ya ce ba zai yi aiki ba sai an ba shi, ki goge shi, ba gadonki ba ne. Abin da ba ki gane ba kuma ki tambaya, ko da wanda za ki tambaya bai kai ki shekaru ba. Matambayi ba ya ɓata, ni da na ƙi tambaya ga inda na kwana.

Wayar ma ta yi ta ba ni alama, ban ji ba. Takan yi zafi a aljihu ko ban taɓa ta ba, na ce ranar Maigatari ce. Caji ba ya kai ni la'asar, na ce batirin zamani ne ba shi da albarka. Data in na saka da safe kafin yamma ta ƙare, na yi ta zagin kamfanin layi a majalisa, har na sami masu taya ni. Wata huɗu ina haka. Ke idan kika ga irin wannan, kada ki nemo wa waya uzuri. Ki shiga inda ake jera duk manhajojin da ke cikinta, ki bi su ɗaya ɗaya, wadda ba ki san lokacin da ta shigo ba ki nemi wanda ya sani ya duba miki.

Sai ranar da abin ya fashe. Wata Talata da kaka na tura wa Isufu saƙon murya, shi kaɗai. Na ce jibi ba za mu bi hanyar da muka saba ba, za mu zaga ta Sule Tankarkar mu ɗauki buhunan riɗi a wani ƙauye, daga nan in tsaya in duba Gwaggonki Asabe da ba ta da lafiya. Ko Innarki ban gaya wa ba. Washegari bayan la'asar, ina zaune a rumfa, wata baƙuwar lamba ta kira. Murya ce ta namiji, a natse, kamar mai karanta takarda. Ya kira sunana da na mahaifina. Ya ce, "Gobe za ka bi ta Sule Tankarkar, za ka tsaya wajen Asabe. Yanzu haka kana kusa da tasha. Muna da mutum a jikinka." Ya lissafo sunayenku, ya fara da naki. Ya ce in turo kuɗin da za su faɗa, in ba haka ba sun san inda za su tare ni, sun kuma san makarantar da kike zuwa.

Wallahi Uwata, ban san lokacin da na zame daga kan benci ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba don kaina ba. Shi ya sa kika ga na hana ki zuwa islamiyya mako biyu na ce wai hanya ta lalace.

Da tsoron ya ɗan lafa sai fushi ya maye gurbinsa, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi duk sauran muni. Na ce maganar Sule Tankarkar mutum ɗaya na gaya wa. Da ɗan gari akan ci gari. Ban kira Isufu na tambaye shi ba. Na fasa tafiyar, na ba wani direba kayana, na daina ɗaga wayarsa. Na shiga tono abubuwan da suka wuce ina yi musu sabuwar fassara: ranar da ya tambaye ni ajin da kike, ranar da ya sauya tayoyin mota. Har dabinon da ya kawo na ce leƙen asiri ya zo yi. Innarki ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Zato zunubi ne. Mutumin nan tare kuka binne iyayenku." Na ce mata ta yi mini shiru, mata ba su san duniya ba. Allah Ya yafe mini, ita ce ta san ta.

Da suka sake kira karo na biyu, na saka hula na nufi gidan shugaban 'yan sintirin unguwarmu. Sunan Isufu yana kan harshena, har da lambar motarsa na rubuta a takarda. Na yi sallama, aka ce ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai jibi. Na koma gida ina jin haushin an ɓata mini lokaci. Yau idan na tuna wannan ta'aziyya sai in yi wa mamacin addu'a, ban ma san ko wane ne ba.

Washegari na je Gagarawa awon riɗi. Muna zaune ana ɗinke buhuna sai Malam Haruna, dillalin da nake saye a hannunsa, ya ja ni gefe, fuskarsa duk ta faɗa. Ya ce, "Alhaji, ina cikin masifa. Wasu suna kirana, sun san sunayen 'ya'yana, sun san inda zan je. Sun ce suna da mutum a jikina. Ƙanena nake zargi." Na ce ya maimaita mini abin da suka ce. Kalma bayan kalma, irin nawa ne. Malam Haruna kuwa bai taɓa haɗa hanya da Isufu ba. Ina kallonsa sai ya ciro waya zai nuna mini lambar, na hango tocilar nan mai launin ruwan ɗorawa a fuskar wayarsa, da mai sanyaya waya, da mai lissafin sefa, a jere kamar nawa. Na ce, "Malam Haruna, a ina aka zuba maka waɗannan?" Ya ce, "Maigatari, layin masu waya. Kyauta ma aka ba ni."

Ranar ban ƙarasa awon ba. Muka hau motar haya mu biyu muka zo Gumel wajen Malam Sabo mai gyaran waya, dattijon nan mai tabarau da ke bayan tasha. Ya jima yana dube-dube, sannan ya juyo da wayar ya nuna mana wani abu a can ƙasan jerin, ba shi da hoto, sunansa kamar na kayan cikin waya na asali. Ya ce, "Ga ɓarawonku. Tare da tocilar ya shigo. Duk saƙon da kuka tura, da inda kuka taka, yana kwashewa yana aikawa." Na ce to mai shagon ne ke nan? Ya ce, "Alhaji, kada ka sake yin saurin zargi. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba, kwaso ƙunshin ya yi a intanet don ya ga kyauta ne. Masu kiran nan kuma da wuya in sun taɓa taka Jigawa. Tsoro suke sayarwa, wanda ya firgita ya biya." Ya kwashe mini lambobin mutane a takarda, ya wanke wayar tas ta koma kamar sabuwa, ya sa na sauya duk lambobin sirrina. Ya ce mu kai rahoton lambar da ke kiran ga hukuma, mu kuma je mu gaya wa mai shagon ya daina zuba wa mutane. Duk mun yi. Mai shagon har hawaye ya yi, don irin ƙunshin ne a wayar matarsa. Sun sake kira sau ɗaya, na ce su gaya mini inda nake zaune yanzu. Suka kashe, ban ƙara jinsu ba.

Uwata, iskar da na shaƙa a ƙofar shagon Malam Sabo, ban taɓa shaƙar mai daɗinta ba. Babu mai bin ki, babu mai tare ni a hanya. Na yi alhamdu lillahi ta fi a ƙirga. Amma ban kai gida ba sai takardar nan mai lambar motar Isufu ta taɓa hannuna a aljihu, na tuna abin da na kusa aikatawa.

Ga abin da nake so ki riƙe fiye da duk maganar waya. Idan sirrinki ya fita, kafin ki nuna ɗan Adam da yatsa, ki fara bincikar abin da ke hannunki. Za ki zauna ɗaki ɗaya da 'ya'yan mutane, wata rana magana za ta fita, zuciya za ta ce wance ce. Ki tsaya. Ki tambaye ta ido da ido kafin ki kai ta gaba. Kuma ki sani wayarki ba sirrinki kaɗai ta ɗauka ba. Akwai hotunan ƙawayenki ba mayafi, gobe kuma akwai larurar marasa lafiya da za su yarda da ke. Ni sakacina ya sa sunan Gwaggonki da ciwonta suka je kunnen ɓarayi. In wani ya kira ki yana yi miki barazana da abin da ya sani, kada ki ɓoye, kada ki biya, ki kira ni ko yayanki a take, ki kuma sanar da hukumar makaranta.

Alhamis ta zagayo na tafi Maigatari. Na sami Isufu a tashar manyan motoci, yana kwance a ƙarƙashin motarsa yana ɗaure wani abu, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na yi sallama. Ya amsa bai fito ba. Na tsuguna a nan cikin baƙin mai, da babbar rigata, na gaya masa komai. Ban rage ba, har zuwana gidan shugaban 'yan sintiri da takardar da na rubuta. Ƙarar sufana ta tsaya. Ya fito yana goge hannu, ya zauna a ƙasa muna fuskantar juna.

Ya ce, "Na san kana gida ran nan. Na ga takalminka a zaure."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Alaji, da ka tarar da mutumin nan a gida fa? Ni baƙo ne. Wa zai tsaya ya tambaye ni? 'Ya'yana shida."

Na ce, "Isufu, ka yafe mini don Allah." Hawaye ya zubo mini, ban damu da masu wucewa ba. Ya ce in tashi in tafi, zai yi tunani. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Kwana tara ban ji daga gare shi ba, kwana taran nan sun fi mini kiran ɓarayin nauyi. A na goma da safe na ji hon ɗin motarsa a bakin layi. Na fita ba ko hula. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗan Gumel mai son kado, akwai kaya ko babu?" Na ce akwai. Ya ce, "To hau. Amma wayar nan taka a bayan mota za ta zauna tare da buhuna." Muka yi dariya har ya kifa kai a kan sitiyari. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ni ne ma nake tayarwa, shi kuma ya ce abin da ya wuce ya wuce.

Da sakamakonki ya fito na gaya masa kin sami makaranta, kafin in rufe baki ya ce shi zai kai ki. Na ce ai motar haya za ki hau, kamar sauran 'yan makaranta. Ya ce in dai na yafe wa kaina kamar yadda ya yafe mini, to in ba shi ke ya kai. Saboda haka gobe bayan sallar asuba babbar mota za ta tsaya a ƙofar gida, da lodin riɗi a baya, ke da Innarki a gaba. Na san ba irin shigar da kika so yi Kano ba ke nan, ki yi haƙuri, ƙawayenki su yi dariyarsu. Mutumin da na kusa hallakawa da zato, shi zan damƙa wa abin da na fi so a duniya, kuma hankalina kwance yake.

Idan kin fito, ki durƙusa ki gaishe shi da kyau. Ba sai kin ce masa komai a kan ranar dabino ba, wannan ƙarya tawa ce, ni na ɗora miki, kuma ke ma ina roƙon ki yafe mini.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda yake ɓoye, Ya haɗa ki da abokan zama na gari, Ya hana ki zaluntar kowa, Ya hana kowa zaluntarki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da labari. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema. Amin.

Wassalam.

Naki,
Babanki, kuma ɗanki.